Kafin ki cire ɗanki daga makarantar gwamnati ki koyar da shi a gida

Ranar da na gane babban ɗana bai iya karatu ba, yana aji huɗu, shekararsa tara. Watan Afrilun 2020 ne, an rufe makarantu saboda korona, Kano ta yi tsit, kowa yana gida. Ina kan keken ɗinki sai na miƙa masa takardar da ƙanwata ta aiko da awon kayan sallar 'ya'yanta, na ce ya karanto mini. Hausa ce zalla, layi biyar. Ya riƙe takardar yana kallo, leɓensa na motsi, amma ba abin da ya fito. Na ɗauko littattafansa na makaranta, na tarar da su cike da rubutu tsaf. Ashe zanen haruffa ya iya. Yana kwafe abin da ke kan allo kamar yadda mai ɗinkin hula yake kwafe zane, ba tare da ya san me rubutun yake cewa ba. Ni kuma ina da NCE, na yi shekara shida ina koyar da 'ya'yan wasu kafin na zauna a gida, amma ban taɓa zaunar da nawa na ce karanta in ji ba. Har yau abin yana yi mini ciwo.

Daga wannan rana na fara koyar da shi. Da aka buɗe makarantu a watan Oktoba ban mayar da shi ba, ya ci gaba da karatu a gabana har ya isa shiga aji shida. Ƙanwarsa kuwa ban taɓa cire ta ba, tana zuwa firamaren unguwarmu, ina ƙara mata da dare. Na bi hanyoyin biyu ke nan a gida ɗaya, shi ya sa mata suke tambayata wacce ta fi. Abin da nake gaya musu shi ne zan rubuta a nan.

Ki fara da gwada yaron

Kada ki yanke hukunci da abin da ake faɗa a gidan biki ko a WhatsApp a kan lalacewar makarantun gwamnati. Kada kuma ki dogara da katin sakamako. Nawa yana cikin ashirin na farko a ajin da ya haura yara casa'in. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Ki sami lokacin da ya ci abinci, hankalinsa a kwance, ki ɗauki farar takarda ki rubuta haruffa goma a warwatse, ki sa ɓ da ɗ da ƙ a ciki. In ya karanta su, ki rubuta gaɓoɓi irin su ba, ki, tsa, gwa. In ya wuce, ki ba shi kalmomi biyar da bai saba gani a littafinsa ba, kamar tukunya, ƙofa, tsintsiya. Sai jimla huɗu gajeru. Na ƙarshe ɗan labari mai layi takwas, ki tambaye shi wa ya yi me. Inda ya tsaya, nan ne ajinsa na gaskiya, ko da a makaranta yana aji biyar. A lissafi ma haka: ya gane lambobi har 99, ya cire 27 daga 53, ya raba goro goma sha biyu ga mutum uku. Wannan tsari na auna yaro da abin da ya iya maimakon shekarunsa, ƙungiyar Pratham ta Indiya ce ta yaɗa shi, kuma ya shigo wasu jihohinmu na Arewa. Bai fi minti goma sha biyar ba.

Don Allah kada ki yi masa tsawa a lokacin gwajin, kada ki yi shi a gaban ƙannensa. Yaron da bai iya karatu ba ya daɗe da sanin haka, ya daɗe yana ɓoyewa. Nawa da ya ga na gano, kuka ya fashe da shi.

In yaron ya karanta labarin ya fahimta, ki bar shi a makarantarsa, ki ci gaba da sa ido. In ya tsaya a kalmomi ko jimla, rabin awa kullum a gida zai gyara shi ba tare da an cire shi ba. Wanda ake tunanin cirewa shi ne wanda ya kai aji huɗu ko biyar yana tsaye a haruffa, domin duk awa biyar da yake yi a aji ba abin da yake tsinta sai ƙarin tsoro. Akwai kuma yaron da ciwo yake yawan kwantar da shi, kamar mai sikila, da wanda ake cin zalinsa an kasa hanawa, da wanda hanyar makarantarsa ba ta da tsaro. Iyayen da suka ga yadda aka sace ɗalibai a Ƙanƙara a Disambar 2020, da Jangebe a Fabrairun 2021, da Kuriga a Maris ɗin 2024, ba wanda zai ce musu tsoronsu ba shi da tushe.

Maganar doka, da zuwa wurin hedimasta

Masu ba ki labarin yadda ake karatun gida a Amurka gaskiya suke faɗa, a can duk jihohi 50 sun halatta shi. A Ingila ma dokar ilimi ta 1996 ta yarda yaro ya sami iliminsa a makaranta ko ta wata hanya. A Jamus kuwa an hana. Mu a Najeriya dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta ɗora wa iyaye su tabbatar ɗansu ya halarci firamare da ƙaramar sakandare ya kammala, shekara tara ke nan, kyauta kuma dole. Wanda ya saɓa, karon farko gargaɗi ne, na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, bayan nan naira 5,000 ko wata biyu. Dokar ba ta buɗe wa karatun gida ƙofa ba. Jihar Kano ma ta ayyana ilimi kyauta kuma dole a 2019.

Saboda haka ni ban zare sunan ɗana daga rajista ba, kuma ba na ba kowa shawarar ya zare. Na sa hijabina na je wurin hedimasta da takardar gwajin a hannu. Ban je da faɗa ba. Na ce, "Malam, ga inda yaron nan yake, ina so in riƙe shi a gida in ɗora shi, ya riƙa zuwa jarrabawar ƙarshen zango tare da 'yan ajinsu." Ya duba takardar ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce in da iyaye goma za su yi haka da aikinsu ya yi sauƙi. Ya haɗa ni da malamin ajin, wanda ya bar ni na kwafe jadawalin darussan zangon, abin da malamai suke kira sikim. Wani hedimastan zai iya ƙin yarda, kuma yana da hujja. In ya ƙi, akwai sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. In shi ma ya ƙi, ki bar yaron a aji ki koyar da shi da dare.

Ki gwada kanki kamar yadda kika gwada shi

Nan ne mata da yawa suke rufe ido. Karatun gida yana cin awa uku na safiyarki, kwana biyar a mako, kuma a awannin nan ba ɗinki, ba awara, ba karɓar baƙi, ba waya. Ni ɗinkina ya ragu da kusan rabi a shekarar, kuma sai da muka zauna da maigida muka lissafa ko gidan zai ɗauki wannan ragi. In maigida bai yarda da zuciya ɗaya ba, kada ki fara, domin ranar da yaron ya yi wani kuskure a gabansa, a kanki abin zai sauka. Ki je kuma ki yi wa surukarki bayani da kanki tun kafin ta ji a bakin wani. Hajiyarmu da ta ji cewa ta yi, "Yanzu yaron nan zai zauna a gindin uwarsa kamar mace?" Sai da na kai mata shi bayan wata uku ya karanta mata takardar asibitinta, sannan ta daina maganar.

Ki tambayi kanki wa zai riƙe darasin ranar da kika kwanta ciwo, ko aka yi rasuwa a dangi, ko kika haihu. Makaranta ba ta rufewa don malami ɗaya ya kwanta, amma gida yana rufewa. Ni zazzaɓin taifot ya kwantar da ni mako uku, kuma mako ukun nan babu harafi ɗaya da aka karanta. Da na tashi sai da muka koma baya. Bayan nan ne na yi yarjejeniya da wata maƙwabciyata da ta gama digiri tana jiran aiki: ita ta ɗauki Turanci sau biyu a mako, ni kuma ina koya wa 'yarta lissafi da ɗinki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ba sai kina da NCE ba kafin ki koyar da ɗan aji ɗaya zuwa uku. In kina karanta Hausa sosai, kin iya tarawa da ɗebewa da sau da rabawa, kin isa. Mu ba baƙi ba ne a wannan aiki. Nana Asma'u 'yar Shehu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, jajoji, wato mata malamai da ta horar, ta riƙa turawa ƙauyuka suna koyar da mata a cikin gidajensu, kuma yawancinmu a gaban wata inna ko gwaggo muka fara Fatiha. Amma daga aji biyar zuwa sama sai kin yi wa kanki adalci. In lissafin ɓangare da na kaso cikin ɗari suna ruɗa ki, ki nemi wanda ya iya.

Yadda safiyarmu take

Bayan sallar asuba yana zuwa makarantar allo kamar kullum, ya dawo ya karya. Ƙarfe takwas daidai sai ya yi wanka ya sa tufafi masu tsabta, mu shimfiɗa tabarma a rumfa. Wankan nan da sa kayan ba ƙaramin abu ba ne, shi yake gaya wa yaro an shiga makaranta. Allonmu wani falankin katako ne da kafinta ya shafa wa baƙin fenti. Alli da littattafan rubutu na sayo a Sabon Gari, kuma ban sayi littafin karatu ko ɗaya ba sai bayan wata biyu.

Awa ta farko karatu ne, kuma da Hausa. Wannan shi ne abin da nake roƙon kowace uwa ta riƙe. Rubutun Hausa yadda aka rubuta haka ake furtawa. In yaro ya san baƙi ya san wasali, ya haɗa b da a ya ce ba, to hanya ta buɗe. Turanci ba haka yake ba, harafi ɗaya yana da murya uku, ga shi kuma yaron bai san ma'anar kalmar ba ko da ya furta. Mun fara da wasula biyar, sai baƙi biyu a rana. Na yanka kwalin sabulu ƙanana na rubuta gaɓa ɗaya a kowanne, yana jera su a tabarma yana haɗa kalma: ka da za, kaza; ra da go, rago; tu da lu, tulu. Masu lanƙwasa na bari sai da ya zauna da gindinsa, sannan na koyar da su bibbiyu don ya ji bambanci a bakinsa: bari da ɓari, kafa da ƙafa, daki da ɗaki. A mako na bakwai ya karanta jimla. Daga nan sai na riƙa sa shi ya ba ni labari da bakinsa, na kare ko na wasan ƙwallon layinsu, in rubuta a allo yadda ya faɗa, shi kuma ya karanta abinsa. Yaro ba ya gajiya da karanta maganar kansa. Turanci ya shigo a wata na huɗu, kuma ya shigo da sauri fiye da yadda na zata, domin ya riga ya gane cewa rubutu magana ce.

Bayan hutun minti ashirin sai lissafi. Na karya tsinken tsintsiya muka ɗaure goma-goma da kyauro. Ɗauri ɗaya goma ne, tsinke sako-sako ɗaya ne. Ranar da na ce ya cire bakwai daga talatin da biyu, ya ga tsinke biyu ba za su isa ba, ya kwance ɗauri ɗaya da hannunsa, ranar ya fahimci aron da ya yi shekara biyu yana rubutawa a littafi ba tare da ya san me ake ara ba. Rabi da kwata a kwanon awo muka yi su da gero. Sau kuwa da marafan kwalba, layi-layi. Aiken kanti ma darasi ne: kafin ya fita sai ya faɗa mini canjin da zai dawo da shi.

Awa ta uku sauran darussan sikim ne, kuma ban matsa wa kaina a kansu ba. Kimiyya mun yi ta da wake a gwangwani, ɗaya a rana ɗaya a ƙarƙashin gado. Tarihi kuma Kano kanta littafi ce. Babansa ya kai shi Gidan Makama, sun hau Dutsen Dala, sun tsaya a marinar Ƙofar Mata ya ga yadda shuɗi yake kama zane, duk wanda ya dawo sai ya rubuta mini layi biyar. Ƙarfe goma sha ɗaya da rabi mun tashi. La'asar Islamiyya.

Ki ajiye littafi guda na musamman, kullum ki rubuta kwanan wata da abin da aka yi da inda ya tsaya. Ƙarshen kowane wata ki maimaita gwajin farko da sababbin kalmomi. Littafin nan shi zai gaya miki gaskiya ranar da zuciyarki ta ce ba a ci gaba, kuma shi za ki nuna wa makaranta.

Abin da rumfata ta kasa ba shi

Wajen wata na biyar bayan an buɗe makarantu na lura da wani abu. Da an tashi 'yan firamare sai ya je ƙofar gida ya tsaya, yana kallonsu suna wucewa da hayaniyarsu. Suna ba da labarin wani malami ko wani faɗa da aka yi a filin makaranta, shi ba ya ciki. Ya fara saurin fushi da ƙannensa. Islamiyya da makarantar allo sun rage masa kaɗaici, amma ba su cike gurbin ba. A aji ne yaro yake koyon jiran layi, da amsa tambaya a gaban mutum tamanin, da zama da wanda ba ya so, da karɓar gyara daga wanda ba uwarsa ba. A makarantar gwamnati ɗan mai shayi da ɗan ma'aikaci benci ɗaya suke, kuma ina ganin wannan tarbiyya ce da kuɗi ba sa saye. Ni ma kaina na fara gajiya da zama uwa da malama a baki ɗaya; in na yi masa faɗan darasi da safe, sai ya biyo mu har tuwon dare.

Ga kuma takardu. A firamare abin da sauƙi in sunansa yana rajista. Sama da nan hanya tana ƙuntata. Jarrabawar BECE ta ƙarshen ƙaramar sakandare ta makaranta ake shiga, kuma kwalejojin kimiyya irin na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa ɗaliban aji uku na ƙaramar sakandare suke ɗauka ta jarrabawa. Gaskiya ne WAEC da NECO suna da jarrabawar masu zaman kansu, ana iya samun kiredit biyar har da Turanci da lissafi ta nan, a rubuta JAMB in an kai shekara 16. Amma wanda bai taɓa shiga ɗakin gwaje-gwaje ba, a takarda kawai zai san kimiyya. Shi ya sa tun ranar farko nake so ki sa ranar komawa. Mu mun ce in ya karanta shafi guda na Hausa ba gargada, ya karanta ɗan labarin Turanci ya fahimta, ya yi rabawa mai tsawo, zai koma. Ya koma a farkon aji shida, kuma daren da zai koma da kansa ya goge rigar makarantarsa.

In kin bar shi a makaranta

Ga yawancin gidaje wannan ce hanyar da nake zaɓa musu, kuma ita na bi da ƙanwarsa. Malaman gwamnati da yawa sun san aikinsu. Yawan yara ne ya fi ƙarfinsu, kuma gwamnatin Kano da kanta ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024. Malami ɗaya ba zai saurari karatun yara casa'in ba ko da ya so. Sauraron nan shi ne naki.

Ki san malamin ajin da sunansa tun makon farko, ki karɓi lambarsa, ki gaishe shi da mutunci. In yarinyar ba ta gani sosai ko tana da ƙaramin jiki, ki roƙa a zaunar da ita gaba. Ki riƙa zuwa taron iyaye da malamai, kuma in unguwa tana da kwamitin kula da makaranta, maigida ya shiga, domin a can ake maganar benci da rufin aji da banɗakin 'yan mata. Kada ki tambayi yarinya me aka koya musu yau, za ta ce ba komai. Ki buɗe littafinta ki ɗora yatsa a kan layi ɗaya ki ce karanta, sannan ki ce me yake nufi.

Mu bayan magariba muke zama, minti talatin, da fitilar caji in babu wuta. Goma na karatu da ƙarfi, goma na lissafi, goma ta rubuta mini jimla uku a kan abin da ya faru da ita ranar. Alhamis da Juma'a ba ma yi, ta huta. A aji biyu ta fara karanta labari, abin da yayanta bai samu ba sai yana shekara tara da rabi.

Yanzu Auta ce a kan tabarmar. Kwalayen sabulun nan suna nan a cikin gwangwanin madara, gefensu duk ya lanƙwashe, kuma yayan nata ne yake jera mata su in ya dawo daga makaranta. Jiya ta haɗa tu da lu da kanta. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu shiga ɓ da ɗ.